Takalmin Agwagwa

Ni na raɗa masa Agwagwa, kuma har gobe ban janye ba. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar maƙwabcina zai ce na ma yi masa sassauci. Faɗinta ya kusa kamo tsawonta. Yatsun sun wawware, kowanne ya kama gabansa kamar 'yan'uwan da suka yi rigimar gado. Diddigen kuwa faso ya tsattsaga shi, in ka soka tsinken ashana a ciki sai ya tsaya cak. Ranar da aka yi ruwan sama ya taka ƙofar gidana, a sawunsa kajina suka sha ruwa har suka bar saura.

Shi ma bai ƙyale ni ba. Rediyo yake ce mini, wai wanda ya haɗa ni ya manta bai sa wurin kashewa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ita ma gajera, in na yi ɗage ina ganin abin da ke cikin tukunyarsu. Ni facin taya nake yi. Rumfata tana nan ƙofar gida, da famfo da bahon ruwa da wani benci da ya karkace. A kan bencin nan Agwagwa yake sauke gajiya kullum in ya dawo daga ruwa. Ya cika mini rumfa da ƙarni, ya kore mini masu babur, sannan ya ce kasuwata ce ba ta da albarka.

Masunci ne, ɗan masunci, bai san wata sana'a ba. Wata shekara da kifi ya yi ƙaranci ya karɓi gadi a wani sito. Bai daɗe ba sai ga shi ya dawo. Na ce, "Korar ka aka yi?"

Ya ce, "Ni na gudo. Ƙasar wurin ba ta motsi, Rediyo. Tun safe har yamma tana nan yadda take. Jiri take sa ni."

Da birgi yake su, wato ragar nan mai dalma a baki da ake jefawa ta buɗe kamar laima. Wurinsa goshin jirgi. Can yake tsayawa, raga a kafaɗa, manyan yatsun ƙafarsa sun maƙale bakin katako kamar an buga su da ƙusa. Iska ta taso, jirgi ya yi ta tangal-tangal, na baya su riƙe gefe suna salati, shi ko gezau. Ya sha gaya mini cewa tun kafin igiyar ruwa ta iso yake jin ta a tafin ƙafa, sai ya lanƙwasa gwiwa ya tarbe ta. Nakan ce masa wannan ba abin fahariya ba ne, mai ƙafa irin tasa ko a kan ruwan ya taka ba lallai ya nutse ba.

Da ƙafar nan ya yi aure, da ita ya rufa ɗakinsa da kwano, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata, da ita ya raini namijin guda ɗaya har ya fi shi tsawo. Ba shi da surutu, ba shi da rowa. In kamu ya yi kyau, sai dai matata ta ga kifi ya diro ta saman katanga, ba sallama. In bai yi ba, ya zauna a bencina ya ɗora laifin a kan iska, ko a kan wata, ko a kaina don na yi masa magana da safe.

Takalmi guda na san shi da shi, ni na yanka masa daga tsohuwar tayar babbar mota, don babu na kasuwa da ya yarda ya shige shi. Aikin takalmin nan bai wuce ya kai shi bakin ruwa ya dawo da shi ba, saboda fasassun kwalabe da ke hanya. Da ya isa gaban jirgi sai ya taka bayan wannan da yatsan wancan, ya zare, ya jera su a kan yashi suna kallon gida, ya shiga. Ko kallonsu ba ya yi, yana cikin hira da mutane yake yi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin shan ruwa.

"Kai kana shiga ɗakinka da takalmi?"

"Wannan ai ɗaki ne."

"To jirgi fa? A ciki nake ci, a ciki nake miƙe baya. Ubana bai taɓa taka shi da takalmi ba."

Ba a taɓa sace su ba. An ce wani ɓarawo ya taɓa ɗauka, ya gwada, ya ga ƙafafunsa biyu sun shige cikin ɗaya, ya dawo ya ajiye ya ba da haƙuri. Ni na ƙirƙiro labarin, amma yanzu har shi yana ba da shi.

Abu ya fara lalacewa ne lokacin da jirgin katakon ya gaji. A toshe nan, can ya ɓule. Daga ƙarshe suka jawo shi gida suka ajiye a tsakar gida, matarsa ta zuba ƙasa a rabinsa ta shuka barkono. Ɗansa, wanda muke kira Direba tun da ya koyi tuƙa inji, ya sayo sabo, irin na roba mai tauri ɗin nan, fari, mai ƙyalli. Kyau kam akwai. Amma cikinsa sumul kamar faranti. In yauƙin kifi ya haɗu da ruwa da ɗigon man inji, ko kyanwa ce sai ta zauna.

Faɗuwar farko cikin jirgi ya yi ta, ya zauna daɓas a kan kifi. Labari ya riga shi isowa gida. Na tare shi a ƙofa na ce, "Na ji yau agwagwa ta kwanta a kan ƙwai." Ya yi dariya har da tari, ya ce jirgin ne bai san manya ba. Ta biyu, gefen jirgi ya same shi a haƙarƙari, ya yi kwanaki yana numfashi rabi-rabi. Nan ma na yi abin da na saba, amma dariyarsa ta rage tsawo.

Sai wata rana da hantsi ya dawo, ya zauna a bencina ya miƙe ƙafa, yana ba ni labarin wani kifi da ya tsere. Ina cikin shafa sholisho, gam ɗin faci, a tiyub na ga ƙudaje sun bar kwandonsa sun koma ƙafarsa. Na duba hanya, ɗigon jini tun daga kwana har rumfata. Ƙugiya ce, babba, ta shige gefen diddigensa har wuya, da guntun zare yana reto.

"Agwagwa, yau kai aka kama?"

"Wa ya kama ni?"

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga ta dama. Na ce ɗayar. Ya ɗaga, ya kalli ƙugiyar, ya kalle ni. Ya sa yatsa ya taɓa ta kamar a jikin wani take. Tun daga bakin ruwa yake tafe da ita.

Na goya shi a babur zuwa asibiti. Aka cire, aka ɗebi jini, aka ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe yana aikinsa a ɓoye. Malamar asibitin, wata mai haƙuri, sa'ar 'yarsa ta tsakiya, ta ce ya kwanta ya rufe ido. Ta ɗauko wani siririn zare mai tauri. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wannan ai zaren ƙugiya ne, 'yata. Ke ma kina su?" Ta ce ya rufe dai, duk inda ya ji ta taɓa ya ce "nan". Ta taɓa babban yatsa. Shiru. Ta taɓa tsakiyar tafi, ta taɓa diddige, ta koma ɗaya ƙafar ta bi ta kaf. Ina tsaye ina kallon zaren yana lanƙwashewa a jikin fatarsa.

Can ya ce, "To ki fara mana, 'yata, rana tana yi."

 

Ta yi masa bayani a hankali. Daga yau babu tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Rufaffe za a nema, mai taushi, mai faɗi, wanda ba ya matsi, ba ɗinki mai kaushi a ciki. Kullum a duba ƙafar da ido, tunda ita ta daina kawo ƙara. Ya ce, "Ruwa fa?" Ta ce wannan sai ya yi shawara da iyalinsa.

Shawarar ta katanga na ji ta. Ba laɓe na yi ba, na riga na ce katangar gajera ce.

Direba ya ce, "Baba, ni da zan samu yadda nake so, da ka huta haka nan."

"In huta in yi me? In zauna ina jin Rediyo?"

"To a nemo takalmin da ba ya santsi. In an samu, bismilla. Amma wallahi, Baba, in ka sake faɗuwa shi ke nan, ka gama shiga jirgi. Ba zan shigo gidan nan in ce wa Inna na baro ka a ruwa ba."

Matarsa, Uwar Direba, tana tsakar gida. Tsintsiyarta kawai nake ji tana share wurin da ta riga ta share.

Da raunin ya warke muka tafi kasuwa, ni da shi. Bai tafi hannu rabbana ba. Ya ciro murfin akwatin da ke cikin sabon jirgin, wanda aka yi da irin robar jirgin, ya saƙala a hammata. Ya kuma cika jarka da ruwan wankin kifi. Na ce wa za mu yi wa wanka? Ya ce takalmin da zai yi masa ƙarya, ya yi ta a kasuwa, kada ya bari sai an kai tsakiyar ruwa.

Mai takalman mutum ne mai fara'a, har zuwa lokacin da aka buɗe jarkar.

"Baba, lamba nawa kake sawa?"

"Lamba? Mota ce ni?"

Na ce, "Kada ka wahalar da kanka, ɗan'uwa. Ɗauko mafi girma, sannan ka ɗauko yayansa."

Agwagwa ya zare na taya ya ɗora ƙafa a kan ɗan bencin gwaji. Mai takalma ya yi salati a hankali. Ya fara kawo takalmin ruwa mai dogon wuya, irin na masu yashe kwata, ya ce ko ɗigo ba zai taɓa ƙafa ba. Agwagwa ya leƙa ciki kamar mai leƙa rijiya.

"In na faɗa ruwa da wannan, kowanne zai sha bokiti guda. Su biyun za su raka ni har ƙasa."

Aka mayar. Silifas ni na hana, na ce malama ta ce rufaffe. Da ma silifas in ya jiƙe, ƙafa ta yi gabas shi ya yi yamma.

Sai mai takalma ya tafa hannu ya ce ya tuna. Ya ciro na 'yan ƙwallo, mai haƙora a ƙasa, ya rantse wannan ko a kan sabulu sai ya kama. Da ƙyar muka tura ƙafar ciki. Aka ajiye murfi a ƙasa, aka kwarara ruwan kifi. Matar da ke sayar da zannuwa a gefe ta toshe hanci ta fara ambaton iyayenmu. Agwagwa ya hau. Haƙoran nan ƙasa mai laushi suke cizo, a kan roba ba su sami abin cizo ba. Ya tafi suuu, ya rarumi igiyar da aka rataye kaya, ta tsinke, aka yi ruwan takalma a kanmu. Na tare shi da ƙirji. Da muka tabbatar bai ji ciwo ba, ya raɗa mini a kunne, "Wannan ba ta cikin lissafi. Kada ka gaya wa Direba."

Kambas mai igiya ya yi dama-dama a kan murfin, don ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne mai taushi. Har na fara murna. Agwagwa ya ja igiyar da yatsa ya girgiza kai. Birgi, in ji shi, ba ya wuce igiya ko maɓalli ko ƙarfe bai tsaya sun gaisa ba. Ya san wani da maɓallin rigarsa ya kama raga, ragar ta tafi da shi. Shi dai ba igiya, ba ƙarfe, ba abin da ya turo kai.

"To Baba," in ji mai takalma, gumi yana zubo masa, "kana son rufaffe, mai faɗi, mai taushi, marar nauyi, wanda ba ya riƙe ruwa, ba ya santsi, ba igiya. Wannan ai ƙafa kake nema, ba takalmi ba."

"Ita nake nema," in ji Agwagwa. "Kana da ita?"

Ba wanda ya yi dariya sai mai zannuwa, ita kuma ba ta san zancen ba.

A ƙasan wani buhun gwanjo aka sami takalmin. Ruwan toka ne. Saman yadi ne mai ƙananan huji kamar raga, ruwa ya shiga ya fita abinsa. Ƙasan roba ce mai taushi, in ka danna da farce sai ta lotsa ta dawo. Ba igiya, sai roba mai miƙewa a gefe da gefe, ka zura ƙafa kawai ta kama. Girma kuwa, Allah kaɗai ya san ƙaton da ya fara sa shi. Na zura hannu ciki na shafa ko'ina kamar yadda malama ta ce, ba ɗinkin da ya taso. Ya sa, ya shige.

Mai takalma ya durƙusa ya danna gaban. "Yana matse ka, Baba?"

Agwagwa ya dube ni.

Sai na durƙusa ni ma, na lalubi yatsun ɗaya bayan ɗaya ta saman yadin, na zura yatsana ta bayan diddige. Na ce, "Bai matse shi ba." Haka aka sayi takalmin nan, ƙafar tasa, jin nawa.

A kan murfin ya kama, amma in ya murɗa jiki kamar zai yi jifa yana ɗan ja. Ƙasan ya sha tafiya, ya fara sanƙo. Na ce a bar mini wannan, sanƙon taya dai na san shi. Taya in ta yi sanƙo ruwa ba ya samun hanyar gudu, sai ya kwanta tsakaninta da titi ya ɗauke ta. Na zauna a rumfa da sabuwar reza na yi ta tsaga ƙasan takalmin nan, siraran layuka kusa da kusa, a karkace kamar ƙayar kifi, ba zurfi. In ka kalla ba ka ganin komai, sai ka lanƙwasa suke buɗe baki. Ranar masu babur sun gaji da jira sun tura abinsu gaba.

Da yamma muka yi gwaji a ƙofar gida. Murfi, ruwan kifi, na ƙara da ɗigon baƙin mai, Uwar Direba ta leƙo ta miƙo sabulu don mugunta. Ya hau. Ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya yi kamar ya jefa birgi. Na zo ta baya na ture shi da kafaɗa, ni na koma da baya. Takalmin har wata 'yar ƙara yake yi kamar ɓera. Direba ya zo ya tsaya, ya sa ya sake, ya kuma sakewa. Sannan ya ce, "Gobe da asuba, Baba."

Agwagwa ya taka rawa a kan murfin nan, tsoho da shi, har matarsa ta rufe baki da mayafi ta ce, "Malam, mutane fa suna wucewa." Bayan nan ya zo zai zauna a tabarmata, yana ba ni labarin inda zai jefa raga gobe. Ya taka bayan wannan da yatsan wancan, suka zare sumul. Na ce, "Ka ga amfanin marar igiya? Ko sunkuyawa ba ka yi ba." Muka yaba.

Ban saba zuwa bakin ruwa ba, ni da ruwa sai a baho. Amma ranar na bi su, don kada a yi abin tsokana ba ni. Gari bai gama wayewa ba, ana ganin mutum ba a ganin fuskarsa sosai. Agwagwa yana gaba, raga a kafaɗa, yana ɗaga ƙafa kamar sabon soja. Masunta suka ɗauki sowa, "Ango! Ango ya sha takalmi!" Yana amsa wa wannan, yana zagin wancan. Direba ya sunkuya a bayan jirgi yana fama da inji, ya ja igiya ta ƙi, ya sake ja ta ƙi. Ni kuma na juya ina ba wasu labarin ruwan takalman da aka yi a kasuwa, har da ƙari. Inji ya tashi, aka tura jirgi.

Da na juyo, ga takalman nan a kan yashi. A jere, kusa da juna, suna kallon gida.

Na ɗauka idona ne. Na ɗaga ɗaya na lanƙwasa, tsagar rezata ta buɗe baki.

Na kwashe su na ruga cikin ruwa har gwiwa. "Agwagwa! Takalminka! Direba! Ku dawo!" Muryar nan tawa da unguwa take kuka da ita, wadda ake cewa tana tada jariri a bayan layi, inji ya haɗiye ta kamar ba a yi ba. Na ɗaga takalman sama ina kaɗawa, masunta suka taya ni ihu. Direba ya ba mu baya, hannunsa a kan inji. Agwagwa ne yake fuskantar mu, yana zaune a goshi, raga a tare a kan ƙafafunsa. Ya hango ni ina tsalle da wani abu a hannu. Me zai ɗauka? Rediyo ne, ya fara. Ya ɗaga hannu ya yi mini daƙuwa, na san dariya yake yi.

Wani ya tura kwale-kwalensa ya bi su da filafili. Amma ina filafili ina inji?

Suka kai inda ruwa ya yi duhu, Direba ya kashe inji. Muka sake ihu, iska ta dawo mana da shi. Daga inda nake Agwagwa ya zama ɗan tsinke. Na ga tsinken ya miƙe. Na ga ya gyara raga a kafaɗa, ya murɗa baya kamar yadda ya yi jiya a kan murfi. Ragar ta tashi, ba ta gama buɗewa ba tsinken ya bi ta.

Na ga Direba ya yi tsalle ya faɗa. Na ga farin jirgi yana juyawa shi kaɗai, ba kowa a ciki. Ina tsaye a ruwa na matse takalma a ƙirji kamar wanda za a ƙwace wa. Mai kwale-kwalen nan shi ya ƙarasa ya taimaka suka ciro shi, raga ta naɗe masa hannu.

Da suka iso gaɓa yana zaune a tsakiyar jirgi, yana tari yana amayar da ruwa, leɓensa ya yi fari. Da rai dai, alhamdu lillahi. Yana ganina ya nuna ni da yatsa.

"Rediyo," yana haki, "aikinka aikin banza ne. Ko jifa ɗaya bai riƙe ni ba. Ka ɓata reza kawai."

 Masuntan nan masu baki duk suka sami abin kallo a ƙasa.

"Ka ji ni? Na ce takalmin nan naka..."

Sai ya ga abin da ke hannuna. Ya ce in miƙo, na miƙa. Ya shafa saman yadin, a bushe. Sannan ya sunkuyar da kai a hankali ya kalli ƙafafunsa, sun yi fari fat saboda ruwa, yatsu a wawware a kan robar jirgi. Ya motsa babban yatsa, yana kallonsa yana motsi.

"Yaushe na cire?" ya ce. Ba ni yake tambaya ba.

Da rana na sami Direba a bayan gida yana shanya raga. Na ce, "Ɗana, wannan ba ta cikin lissafi. Takalmin ko ruwa bai taɓa ba, ka bari a gwada shi tukuna. Ni zan riƙa raka shi kullum, in tsaya a kansa har ya shiga. In ka ga dama in ɗaure masa su da tiyub, sai da almakashi za a cire."

Bai ɗago ba. 

"Kawu, mutum ya tafi har tsakiyar ruwa, ya miƙe, ya yi jifa, bai san ba takalmi a ƙafarsa ba. Yau takalmi ne. Gobe igiyar raga ce za ta naɗe masa ƙafa, sai ya gan shi a ƙasa zai sani. Da na nutsa ban gan shi ba, Kawu. Laluba na yi ta yi. Ƙafar na fara kamawa."

Na buɗe baki in ce ai ita ce ta fi sauƙin samu. Wallahi har maganar ta zo kan harshe. Na haɗiye ta.

Agwagwa bai yi musu ba, abin da ya fi damuna ke nan. Da ya yi faɗa, ya zagi Direba, ya zage ni, da na san yadda zan yi da shi. Washegari da asuba na ji an buɗe ƙofarsu, na ji tafiyar mutum ɗaya, aka rufe.

Yanzu yana shan maganinsa, matarsa tana duba masa ƙafa kullum, tana bin tsakanin yatsu kamar mai neman kwarkwata. Takalmin kuwa yana aikinsa, a kan busasshiyar ƙasa. Kwanan baya aka yi ruwa, gaban rumfata ya yi santsi, mutane suna ta zamewa har da wani mai babbar riga. Agwagwa ya zo ya ratsa ta tsakiya a miƙe. Na ce, "Ka ga aikina?" Ya ce, "Na gani," ya wuce. In ya zauna a bencina yanzu ƙamshin sabulu yake yi. Masu babur sun ƙaru, ni kuma rumfar ta daina yi mini daɗi. Na gwada masa sababbin sunaye, na ce masa Ango, na ce masa Soja. Murmushi yake yi mini irin wanda ake yi wa baƙo.

Gyaran raga yake yi, ta Direba da ta wasu. Jiya da la'asar na ji gidan shiru, na yi ɗage na leƙa. Yana cikin tsohon jirgin katakon nan, a goshi, ɓangaren da barkono bai kai ba. Raga a cinya, zare a baki, manyan yatsun ƙafarsa a kan bakin katako. Takalman suna ƙasa gefen jirgi, a jere, suna kallon ɗaki. Uwar Direba tana tsaye a ƙofar ɗakin girki da ludayi a hannu. Muka haɗa ido, ta girgiza mini kai wai in yi shiru. Ta manta da wanda take magana.

"Agwagwa, takalminka! Malama ta ce ko a tsakar gida."

"Ba a tsakar gida nake ba."

"Ka san ka cire kuwa?"

"Na sani. Wannan karon ina kallo na cire." Bai ɗago ba, ya ciji zare ya tofar. "Sauka daga katangar mutane, Rediyo, kana kare mini haske."

Na sauka. Na je na nemo guduma, don tsohon jirgin nan duk kawunan ƙusa ne, ƙafarsa kuwa ko ta taka ba za ta ji ba.